Bazarar da Na Yi Zaman Gurbi

Ku 'ya'yana, wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku haihuwata, na rubuta yadda aka ɗauke ni makarantar kwana ta 'yan mata a Kano ina kuka Inna tana kuka, amma duk sanda na iso bazarar nan sai in ajiye alƙalami in ce sai gobe. Abin da ya sa na daure yau shi ne kun tashi kuna jin labarin ta baki biyu. A Wudil ana ce muku uwarku jaruma ce, ita kaɗai ta tare maza. In kun je Kausani wajen zuriyar Baffa Ilu kuma, ba sa faɗa a gabanku, amma kun san abin da suke cewa, wai ba ni da tausayi ko na ƙwayar gero. Ke Rakiya kin taɓa dawowa daga biki a can kika ƙi cin abinci, kika ƙi gaya mini dalili. Na san dalilin. To duk su biyun ba su san wadda ta zauna a tabarmar nan ba. Yarinya ce matsoraciya.

Sai na fara gaya muku yadda kogin yake, don wanda kuka sani yanzu ba shi ba ne. Tun da aka datse shi daga sama ya zama mai tafiya rani da damina, kun ɗauka haka Allah ya yi shi. A zamaninmu, kafin a samu mulkin kai, kogin Wudil yana zuwa ne yana tafiya kamar baƙo. Da damina ya cika ya batse, ya hau gonaki, ka tsaya a wannan gaɓa ba ka gane wanda ke waccan. Da kaka ya fara ja da baya. Kafin bazara ta kankama ya zama rairayi fari fat, jakuna suna ratsa shi da kaya, mata suna tona rami a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwasa da ludayi. Abin da yake bari sai gurabe, wato ramukan da suka fi zurfi, nan ɗaya can ɗaya, kowanne da sunansa. Ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a yi su, wato kamun kifi na gayya. Ranar su kuwa ranar murna ce. Makaɗa suna bakin gaɓa, maza su faɗa ruwa da gora da homa, wato ragar kamun kifi, mata muna sama muna guɗa, duk wanda ya fito da babbar tarwaɗa a yi masa kirari har ya rasa inda zai sa kansa. Gari ya yi kwana da kwanaki yana ƙamshin banda.

Gurbi ɗaya ne ba a buɗewa, Gurbin Maɗaci. Yana ƙasa da gari, inda kogi ya yi kwana ya ci gindin wata gaɓa mai tsayi. Akwai idon ruwa a ƙarƙashinsa, shi ya sa ko wanda ya fi kowa tsufa a garin bai taɓa ganin ƙasansa ba. Wani ƙaton maɗaci ya yi masa rumfa, ga kanya, ga ɓaure, ga sarƙaƙiya ta rufe bayansu. In ka baro rairayin nan mai ƙuna ka shiga ƙarƙashin itatuwan, sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a ka. Duk abin da ke da rai a yankin nan, in bazara ta matsa, can yake tarewa. Kifi kala-kala, tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, cunkushe har ruwan ya yi baƙi. Kififiya, kunkurun ruwa, tana leƙo da hanci. Guza a kan saiwa. Zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, agwagin ruwan nan kirinjijiya garke guda, ƙudan zuma jere a kan danshin laka suna sha. Da yamma jajayen birai su sauko, wani lokaci har gada. A gefen da ruwa ya janye, bado ya bushe ganyensa ya kwanta, amma tushensa yana nan da rai a cikin taɓo, haka burgu, haka ciyayin da ba a ganinsu ko'ina sai nan. Sannan ga kada guda, wanda ba a kiran sunansa a gidanmu, sai dai a ce Tsoho. Raminsa yana cikin gaɓar can ƙetare.

Riƙon wannan gurbi a gidanmu yake, tun kakan kakana. Ba sarauta ba ce, ba rawani, ba a ba mu ko ƙwayar hatsi a kai. Ƙa'idar guda ce, kowa kuma ya san ta. Daga ranar da aka gama su a sauran gurabe har ranar da sabon ruwa zai iso, sai jinin gidanmu ya shimfiɗa tabarma a gindin maɗacin ya wuni. Muddin akwai mutum a kanta ba mai saka homa. In kuwa rana ta take tsaka tabarmar ba kowa, to an saki gurbi, na kowa ne. Da dare ba a bukatar mai tsaro, Tsoho ya isa. Ina ƙarama Baba yakan tafi da ni, in zauna a bayansa ina riƙe da rigarsa. Na taɓa tambayarsa me ya sa muke gadin kifin da ba ma ci.

"Hansai, kin ga rumbun Innarki?" ya ce. "Akwai damin da ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓawa."

"Na iri."

"To wannan shi ne na kogi. Duk kifin da kika ga an kama da kaka, uwarsa a nan ta yi bazara."

Shekarar da nake ba ku labari na gama makaranta na dawo gida, ina jiran a kira ni horon malanta. Ina ji da kaina, ba zan ɓoye muku ba. Ina da akwatin ƙarfe, ina da takalmi, ina tace ruwan sha da farin ƙyalle kamar yadda aka koya mana. Kakata Iya Tabawa, uwar Baba, ba ta da abin dariya sai ni.

"Malama, a tace mini nawa ma," takan ce tana miƙo moɗa. "Kar in haɗiye abin da Turawa suka hana."

Damina ta ɗauke da wuri a shekarar da ta gabata, gero bai cika ido ba, dawa kuwa kara kawai ta yi. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun yi ƙasa. Yayana Garba ya bi samari cin rani kudu, ba wanda ya san garin da yake. Aka yi su a gurabe da wuri saboda yunwa, aka cinye. Daga nan bazara ta zo ta zauna kamar ba za ta tashi ba. Hadari ya taso da la'asar, mu fito mu zuba masa ido, iska ta kwashe shi. A cikin wannan hali kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa biyu. Ku ba ku san kurkunu ba, Allah ya raba ku da shi. Tsutsa ce doguwa kamar zare da ke fitowa ta ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata da watanni ko tsayuwa ba ya iyawa. Baba ya gwada zuwa a kan jaki, ya faɗo a hanya, aka dawo da shi a ɗauke.

Za ku ce ina Baffa Ilu, ba ƙanin Baba ba ne? Ƙaninsa ne, a gida ɗaya muke, tukunya ce kawai daban. Amma uwa suka haɗa, ba uba ba. Bayan kakana ya rasu Iya ta yi wani aure ta haifi Baffa, da wancan ma ya rasu ta dawo da shi gidan ɗanta. Don haka shi ba jinin riƙo ba ne, zamansa a tabarma ba ya hana kowa. Iya ma haka, aure ne ya kawo ta. Da aka duba gidan kaf, jinin da ya rage mai ƙafa biyu lafiyayyu ni ce.

Baba ya sa aka kira ni ɗakinsa. Na durƙusa a bakin ƙofa. Inna tana bayana, ta riga ta fara faɗa.

"Malam, budurwa? A bakin kogi ita kaɗai, wuni guda? Me za a ce?"

"Za a ce 'yar gidan ce," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Ba a taɓa sa mace ba, amma ba a taɓa cewa ban da mace ba. Za ki iya?"

Ina so in ce a'a. Tun ina yarinya ko sunan Tsoho aka ambata sai na rasa barci. Amma na ga ƙafafunsa a kumbure a kan buzu, na ce to.

Kwanakin farko ban ga komai ba sai shi. Yakan fito da hantsi ya kwanta a lakar ƙetare, baki buɗe, ko motsi ba ya yi. Ni kuma in manne da jikin maɗaci, in ja tabarma har ƙarshen inuwa, ina karanta duk addu'ar da na sani, wata ma ta shiga bayi ce, don ta ƙare mini. Ganye ya faɗo, in zabura. Guza ya motsa, in yi salati. Iya ce ke zuwa mini da ɗan abin da aka samu, wani lokaci kunun kanwa tsararo, wani lokaci dafaffen tushen bado, ta zauna ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta.

"Ina kwana, Tsoho," takan ɗaga murya ta ce. "Ga amaryar na kawo maka, mai boko ce, sai ka ƙara sadaki."

"Iya, don Allah ki bari!"

"Ke tafi can. Wannan da ya ga uwar mijina da idonsa, me zai ci a jikinki? Ƙashi?"

A hankali idona ya fara ganin sauran. Na gane karfasa tana riƙe 'ya'yanta a baki, in abu ya gifta ta haɗiye su, in ya wuce ta feso su. Na gane da sassafe kifin duk yakan taso sama yana haƙi, baki buɗe, don ruwan ya yi musu kaɗan, sai rana ta ɗaga su koma ƙasa. Na ga shaho da kurciya suna sha a gaɓa ɗaya, kowa ya sha ya tashi. Akwai kuma aikin da matan gidanmu suka gada, wanda ake ce wa kwashe. In wani ɗan kududdufi a kusa ya kusa ƙafewa, 'ya'yan kifi suna mutsu-mutsu a ciki kamar tsaki, sai a kwaso su a ƙwarya da ruwansu, a rufe da ganye, a kawo gurbi a juye. Da sanyin safiya ni da Iya muke yi kafin in zauna. Ita ke juyewa, don ni ba na iya matsawa bakin ruwan. Ita ce kuma ta nuna mini gaiwa. Muna tafiya a kan busasshiyar laka ta tsaya ta ƙwanƙwasa da sanda, ta tona, sai ga kifi a naɗe cikin wata 'yar jaka kamar fata, da ransa, yana barci yana jiran damina. Wannan ba a hana ba, tunda ba a gurbi yake ba. In ta samu uku sai ta ɗauki biyu ta mayar da ƙasa a kan ɗaya. Biyun kuma kai tsaye sashen Baffa take kai su.

Don a sashen Baffa ne yunwar ta fi zama. Shi masunci ne zalla, gonarsa ba ta kai ta kawo ba. Matarsa Gwaggo Kulu tana goyon 'yar jaririya, Sa'a, nono kuma ya ƙafe. Ina so ku san wannan, don a Kausani ba a faɗa: Baba ya sa an mayar da akuyarmu mai nono sashensu, kuma duk abin da Inna ta dafa sai an raba biyu. Amma abin da ake rabawar ne ba shi da yawa. Wata yamma na dawo na tarar da Baffa tsugune a ƙofar ɗakin Baba.

"Yaya, homa ɗaya. Ni kaɗai, in shiga in fito."

"In ka shiga, wa zan hana? Audu na bayan gidanmu ba shi da 'ya'ya? Ilu, ruwan nan ya yi zafi, kifin da ƙyar yake numfashi. Aka shiga aka dama lakar nan, wanda ba a kama ba ma zai mutu."

"To ya mutu mana! Kifi ne, Yaya. Kifi!"

"Baɗi fa?"

"Wanda ya kai baɗi ya yi ta kansa."

Iya tana zaune a gindin turmi tsakaninsu. Ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne. Ta dubi wannan ɗaki, ta dubi wancan, ta ce, "Ni dai nono ɗaya na ba ku," ta tashi ta shige. Ban taɓa ganin ta rasa abin dariya ba sai ran nan.

Ana cikin haka saƙo ya zo ta hannun mai unguwa cewa an ba ni gurbin karatun malanta, in hallara a Kano cikin makon, wadda ba ta zo ba za a ba wata. Motar da ke zuwa Kano kuwa sai ran Juma'a, ranar kasuwa. Kafin magariba labari ya gama unguwa: 'yar boko za ta tafi, tabarma za ta wuni ba kowa. Ran Alhamis tun da rana na fara jin daka daga gidaje, ba irin dakan hatsi ba, mai laushi. Magimfa ake dakawa. Ganye ne da in aka zuba a ruwa kifi yake buguwa ya taso ciki sama, babba da ƙarami, har wanda bai kai farce ba. Ba ma homa za su sa ba ke nan. Sun ce tunda sau ɗaya ne, a kwashe duka.

Baba ya kira ni. Ya rame, idonsa ya faɗa.

"Na ji saƙo. Ki tafi, Hansai. Ban riƙe ki ba, ba kuma zan taɓa cewa kin saki gurbi ba. Ni na sake shi, da na kwanta."

Wallahi daɗi na ji. Na haɗa akwatina, Inna ta ƙulle mini ɗan ƙanzo a ƙyalle. Da safe na ce bari in je in ɗauko tabarmar Baba, kar a tattake ta. Abin da ya kai ni ke nan, ba wani abu ba. Na isa rana ba ta yi zafi ba. Kifin duk sun taso suna haƙi kamar kullum, dubbai, bakuna a buɗe, ruwan yana ɗan motsi da su. A gefe na hango 'yan ƙananan da muka kwaso da ƙwarya, sun yi tsawon ɗan yatsa. Na tsaya riƙe da tabarmar a naɗe ina kallonsu, ina lissafin yadda wurin nan zai kasance da la'asar. Sai na ji muryoyi. Na waiga na ga maza sun gangaro ta rairayi, da yawa, kwanduna a kai, Baffa a gaba.

Ga gaskiyar da nake so ku riƙe. Ban yi shawara da zuciyata ba, ban tuna maganar Baba ba. Tsoro ne kawai. Na ji in ban zauna ba zan faɗi, sai na warware tabarmar na zauna a kai. Da na zauna kuma na san abin da na yi, kuma ina iya tashi. Wannan na biyun shi ne nawa. Ban tashi ba.

Suka tsaya a bakin inuwa, ba wanda ya shigo. Wani ya yi dariya.

"Malama, mota fa tana lodi."

"Ko Tsohon ne ya hana ki tafiya?"

"Ku bar ta, ta zo sallama ne. Yi sallamarki, 'yar nan, muna jira."

Suka sauke kwanduna suka tsuguna. Ni kaina a ƙasa, na cusa hannuwana ƙarƙashin cinya. A gabana maza, a bayana Tsoho ya fito ya kwanta a wurinsa, ban san wanda na fi tsoro ba. Rana ta ɗaga. Daga can bakin kasuwa na ji motar ta danna oda, ta sake dannawa. Duk suka juyo suka dube ni. Na ji ƙarar injinta ta tashi, ta yi nisa, ta ɓace. Hawaye ya zubo mini, ban share ba.

Wani dattijo a cikinsu ya duba inuwarsa ya ce rana ta take, kuma akwai mutum a tabarma. Wani saurayi ya ce mace ce, ba ta hana komai. Dattijon ya tambaye shi 'yar wa ce, ba jinin gidan ba ce? Aka yi ta gunaguni, wani ya tofar da yawu, wani ya ce Allah ya isa. Magimfar ta fara bushewa a kwanduna, in ta bushe kuwa ba ta da ƙarfi. Da aka yi kiran sallar Juma'a suka fara tashi ɗaya-ɗaya. Baffa ne ya rage. Ya matso har bakin tabarma ya tsuguna, bai ɗaga murya ba.

"Hansai, ni na yi miki kamun kifi na farko da kika ci. Kin tuna?"

"Na tuna, Baffa."

"Kulu ba ta da nono. Kin sani?"

"Na sani, Baffa."

"To."

Ya ɗauki kwandonsa ya juye a kan rairayi mai zafi, ya bi sawun sauran.

Daga ranar ba wanda ya sake zuwa, ba kuma wanda ya sake gaishe ni a hanya. Na ci gaba da zama. Ƙyanda ta shigo unguwa, kamar yadda takan yi da bazara, ta kama yara da dama, ta kama Sa'a. Ina kan tabarma Iya ta zo ba ƙwarya a hannunta, ta zauna nesa da ni, ta ce yarinyar ta koma. Na ce Iya, ni ce? Ta ce ƙyanda ce, ta ɗauki na gidan masu hatsi ma. Na sake tambaya. Ta ce, "Ke Allah ce?" Ban sake tambaya ba, amma na yi shekaru ina karanta duk abin da na samu a kan ciwon nan, kuma na san yaron da ya ƙoshi ya fi iya tashi daga shi. Ko kifin zai kawo wa Gwaggo Kulu nono, ko ba zai kawo ba, ban sani ba. Ba wanda ya sani. Kar ku yarda da duk wanda ya ce muku ya sani, ko a Wudil ko a Kausani.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Amma ruwan sama bai sallami mai zaman gurbi, sai kogi ya iso. Ya iso wata walaha. Na fara jin ihun yara daga sama, sannan na hango bakin ruwan yana tahowa a kan rairayi, ja, da kumfa da karmami, a hankali kamar mai neman hanya. Aka kawo Baba a kan jaki, mutum biyu suna riƙe da shi. Ruwan ya zo ya taɓa bakin gurbi ya zuba ciki. Gurbin ya yi kamar tukunya ta tafasa. Daga nan suka fara fita. Tarwaɗa tun ruwan bai kai idon sawu ba suke jan ciki suna haurawa, bayansu karfasa, bayansu ƙananan nan kamar an watsa tsaba, wasu sama wasu ƙasa. Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya. Kafin la'asar an nemi Tsoho an rasa. Kwaɗin da ban san suna ƙarƙashin inda nake zaune ba suka fasa kuka ta ko'ina. Baba yana kallo, hawaye yana bin gemunsa.

"Tashi, Hansai," ya ce. "An karɓe ki."

Karatun malanta ya wuce ni, an ba wata. Na koyar daga baya, kun sani, amma a ƙaramin mataki na ƙare, waɗanda muka gama tare suka zama shugabannina. Wannan ban taɓa jin zafinsa sosai ba. Gurbin ma yanzu babu shi, yashi ya cike shi bayan an datse kogi, maɗacin an sare. Na kai ku wurin kuna yara, kuka ce ba ku ga komai ba.

Baffa bai ƙara damina biyu a gidanmu ba, ɗayar ma da ƙyar. Ana gama girbi ya ce zai koma Kausani wajen dangin matarsa ya kama noma. Iya ta bi shi, ta ce wancan ɗan ya fi bukatarta, kuma can ta rasu. Tun rasuwar Sa'a bai yi mini magana ba, in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Ranar tafiyar an ɗaure kaya a jakuna, Gwaggo Kulu ta riga ta fita ba ta waiwayo ba. Na durƙusa a zaure na ce Baffa, Allah ya kiyaye hanya. Ya wuce ni, har ya kai ƙofa, sai ya dawo. Ya sauke homarsa daga kafaɗa, wadda ya saƙa da hannunsa, ya ajiye a gabana.

"Ki ba Garba in ya dawo," ya ce. "Kifi zai yi yawa bana."

Ya yi yawa kuwa. Baffa bai ci ko ɗaya ba, kuma har ya bar duniya bai sake saka ƙafa a kogin Wudil ba.